Filin Tambaya da Amsa: Duniyoyin da ke Kewaya Wasu Taurari

Tun da hukumar NASA ta sanar a watan Satumban 2025 cewa duniyoyin da aka tabbatar a wajen tsarin ranarmu sun kai 6,000, saƙonni ke ta shigowa a kan batun. Mun tsamo shida, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, an ce ko tauraro mafi kusa da mu sai haskensa ya yi shekara huɗu a hanya kafin ya iso. To yaya ake gane akwai duniya a gefensa, har a faɗi nauyinta da girmanta? Ni dai abin ya yi mini kama da shaci-faɗi.
Wani ɗalibin kimiyya, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Shakkarka tana da tushe, domin mafi yawan duniyoyin nan babu wanda ya taɓa ganinsu ko da na'ura. Hasken tauraron ake aunawa, daga nan a gano abin da ke gefensa. Hanyoyi biyu ne suka samar da kusan dukkansu.

Ta farko rangaji. Tauraro yana jan duniyarsa, ita ma tana jansa gwargwadon nauyinta, saboda haka shi ma yana ɗan zagaye. Jupita tana sa ranarmu rangaji da gudun mita 12.5 a daƙiƙa, zagaye ɗaya cikin kusan shekara 12. Tamu duniyar santimita 9 kacal take iya motsa ta a daƙiƙa. Ka san yadda jiniyar motar asibiti ke sirancewa idan ta nufo ka, ta kaurara idan ta wuce. Haka haske yake yi: in tauraro ya matso, haskensa ya karkata zuwa shuɗi, in ya ja baya ya karkata zuwa ja. Ana baza hasken zuwa launukansa, a sami dubban siraran baƙaƙen layuka waɗanda sinadaran tauraron suka bari, sannan a bi yadda layukan ke gocewa dare bayan dare. Da wannan Michel Mayor da Didier Queloz suka gano 51 Pegasi b a 1995, a cibiyar Haute-Provence ta Faransa. Tauraron yana rangajin sama da mita 50 a daƙiƙa, yana maimaitawa duk kwana 4.2. Duniya mai kusan rabin nauyin Jupita tana kammala shekararta cikin kwana huɗu! Masana da yawa ba su yarda ba da farko, sai da wasu a Amurka suka sake aunawa suka sami abu ɗaya. A 2019 aka ba su biyun kyautar Nobel. Kafin su, a 1992, Aleksander Wolszczan da Dale Frail sun gano duniyoyi, amma a gefen gawar tauraron da ya riga ya fashe.

Aikin yana da wuya saboda goci ɗin ƙanƙane ne ƙwarai. Na'urar HARPS da ke La Silla a ƙasar Chile, wadda ke auna kusan mita 1 a daƙiƙa, an kulle ta cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, zafinta kuma ba a yarda ya motsa da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri ba. In ba haka ba, kumburin ƙarfen na'urar kaɗai ya isa ya haifar da duniyar ƙarya. Wani naƙasun kuma, motsin da ya nufo mu ko ya ja baya kaɗai ake gani. In zagayen a karkace yake, rangajin da muke gani bai kai na gaskiya ba. Shi ya sa nauyin da hanyar ke bayarwa mafi ƙaranci ne, ba tabbatacce ba.

Ta biyu gilmawa. Idan duniya ta gilma tsakaninmu da tauraronta, hasken yana raguwa na 'yan sa'o'i sannan ya dawo. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba faɗin duniyar da faɗin tauraron, ka ninka amsar da kanta. Jupita kusan kashi ɗaya cikin goma ce na faɗin rana, ragin ya zama kashi 1 cikin 100. Duniyarmu kashi ɗaya cikin 109, ragin ya zama kashi 84 cikin miliyan, na tsawon sa'a 13, sau ɗaya a shekara. Iskar samanmu ba ta bari a auna irin wannan daga ƙasa, shi ya sa aka harba kumbon Kepler a watan Maris na 2009, ya zuba wa taurari kusan 150,000 ido babu ƙiftawa. Ƙafafun da ke daidaita shi biyu cikin huɗu sun lalace a 2012 da 2013, aka yi dabarar daidaita shi da matsin hasken rana ya ci gaba da aiki, har mai ya ƙare a 2018. Ya bar duniyoyi sama da 2,600. Kumbon TESS da aka harba a 2018 shi ke wannan aiki yanzu.

Sai an dace zagayen ya daidaita da idonmu kafin a ga gilmawa. Ga duniya mai zagaye irin namu, damar kusan ɗaya ce cikin 200. In aka yi sa'a hanyoyin biyu suka haɗu a kan duniya ɗaya, gilmawa ta ba da girma da karkata, rangaji ya ba da nauyi. A raba nauyi da girma a sami danƙarewa. Tamu giram 5.5 ce a kowane santimita kubik, Jupita 1.3. Lambar da ta fito ita ke nuna ko dutse ce ko curin iska.

TAMBAYA: Hotunan duniyoyin da ake yaɗawa a Facebook masu teku da tsaunuka, na gaske ne?
Wata matar aure, Kumasi

AMSA: 'Yar uwa, zane ne duka. Hoton gaske na irin waɗannan duniyoyi ɗigo ne ɗaya na haske, kuma kaɗan ne aka samu. Rana ta fi duniyarmu haske sau biliyan goma, saboda haka sai an toshe tauraron a cikin na'ura, kuma duniyar ta zama babba, mai zafi, nesa da shi. Misali mafi kyau HR 8799, wanda aka ɗauki duniyoyinsa uku a 2008 da manyan na'urorin Hawai, ta huɗu a 2010. Ko ɗigon ma yana yaudara: wanda aka yi shelarsa a 2008 a gefen tauraron Fomalhaut ya yi ta faɗaɗa yana dushewa, masana suka karkata ga cewa gajimaren ƙura ne.

TAMBAYA: Malam, na taɓa karanta labarin wata duniya a gefen Alpha Centauri B, daga baya na neme ta a jerin duniyoyi ban same ta ba. Ina ta shiga?
Wani injiniya, Yamai

AMSA: Ba ta taɓa kasancewa ba. A 2012 aka sanar da ita, da zagayen kwana 3.2 da rangajin rabin mita a daƙiƙa. A 2015 wasu masana a Oxford suka nuna cewa alamar ta samo asali ne daga giɓin da ke tsakanin dararen awo da kuma yadda aka tace bayanan. Wanda ke aunawa da dare kawai, yana tsallake dararen hadari da watannin da tauraron ya ɓuya, zai iya ganin maimaici inda babu shi.

Amma babban mai rikita lissafi shi ne tauraron kansa. Yana da baƙaƙen tabo, yana kuma juyawa. Ɓarinsa ɗaya yana nufo mu, ɗayan yana ja baya. In tabo ya rufe wani yanki na ɓarin da ke nufo mu, layukan su goce kamar tauraron ya motsa, alhali yana nan. Abin da ya faru da Gliese 581 d ke nan. An yi ta murna da ita a matsayin mai yiwuwar ruwa, sai a 2014 Paul Robertson da abokan aikinsa suka nuna cewa zagayenta na kwana 66 rabin lokacin juyawar tauraron ne, wato kusan kwana 130. Duk zagayen da ya yi daidai da juyawar tauraro, ko rabinta, ko sulusinta, abin tuhuma ne.

A ɓangaren gilmawa, taurari biyu masu yi wa juna husufi ne ke shigar burtu. Kowane ɗigon kyamarar TESS yana haɗiye yankin sama mai faɗi, har hasken taurari da dama ya cakuɗe. In can baya akwai biyu masu husufi, babban raginsu zai narke cikin hasken na gaba ya fito kamar na ƙaramar duniya. Abin da ake dubawa: shin ragi na ɗaya da na uku zurfinsu ɗaya da na biyu da na huɗu? In sun bambanta, taurari biyu ne. Shin ramin da ragin ke bari a zanen awon haske yana da shimfiɗaɗɗen gindi ko tsini gare shi? Mai tsini galibi taurari ne suka gogi juna. Shin tsakiyar hasken tana gocewa gefe lokacin ragin? To daga maƙwabci yake. Ƙaramin jan tauraro ma girmansa na iya zama daidai da na Jupita, ba a raba su sai an auna rangaji. Kuma a ƙa'ida ana jiran gilmawa uku kafin a saka abu cikin waɗanda ake zato, balle waɗanda aka tabbatar.

TAMBAYA: Mun ji a rediyo an ce an sami alamar rayuwa a wata duniya mai suna K2-18 b. Gaskiya ne? Yaya ma ake sanin iskar wurin da ba a je ba?
Wata ɗalibar jinya, Katsina

AMSA: Ba a samu ba tukuna, amma bari mu fara da yadda ake yi. Lokacin gilmawa, ɗan hasken tauraron yana ratsa iskar da ke lulluɓe da duniyar kafin ya iso mu. Kowace iska tana da launin da take shanyewa. Kabon-dayoksaid, misali, tana shanye hasken zafi wanda ido ba ya gani a tsawon zango na maikron 4.3 (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A wannan launi duniyar sai ta zama kamar ta ɗan ƙara girma, ragin ya ƙara zurfi. Ana auna zurfin a ɗaruruwan launuka a jera, inda tudu ya fito a nemi iskar da ta dace da shi. Na'urar Hubble ta fara yin haka a 2001 da sinadarin sodiyam a HD 209458 b. Na'urar James Webb, mai madubin mita 6.5, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, ta nuna kabon-dayoksaid ƙarara a WASP-39 b a 2022. Sai dai wannan duniya ta fi Jupita faɗi, nauyinta kamar na Zuhal, zafinta wajen digiri 900 na Salshiyas, iskarta a kumbure. Ita ce mai sauƙi.

K2-18 b tana nisan shekarar haske 124, wato haskenta sai ya yi shekara 124 a hanya kafin ya iso mu, faɗinta ya ninka na duniyarmu sau 2.6, nauyinta sau 8.6, shekararta kwana 33. A 2023 ayarin Nikku Madhusudhan na jami'ar Kambirij ya ba da rahoton iskar mitan da kabon-dayoksaid. A watan Afrilun 2025 suka ce akwai alamar wani sinadari da ake taƙaita sunansa DMS, wanda a duniyarmu ƙananan halittun teku ne ke samar da mafi yawansa. Nan labarin ya tashi. Ƙarfin shaidar a ma'aunin ƙididdiga sigma uku ne, alhali sai ta kai biyar ake kiran abu ganowa. Wasu ayarin da suka sake tace bayanan sun nuna cewa wasu sinadaran ma za su iya ba da wannan alama, ko kuma babu alamar sam. An kuma sami DMS a tauraro mai wutsiya 67P, inda babu rai. Ko irin duniyar ba a daidaita a kai ba: wasu na cewa teku ne ƙarƙashin iskar haidurojin, wasu na cewa iska ce mai kauri a kan narkakken dutse. A ganinmu an yi gaggawar kai maganar gaban 'yan jarida.

Ki kuma riƙa tsayawa idan kin ji an ce duniya tana yankin da rayuwa za ta yiwu. Nisa daga tauraro kawai ake nufi, inda ruwa zai iya zama ruwa in akwai iskar da ta dace. Zara kusan girmanta ɗaya da duniyarmu, amma zafin doronta wajen digiri 465 ne. Mai aunawa daga nesa da gilmawa kaɗai ba zai bambanta su ba. Inda aka fi sa rai yanzu shi ne TRAPPIST-1, ƙaramin jan tauraro a nisan shekarar haske 40 mai duniyoyin dutse bakwai, waɗanda aka kammala sanarwa a 2017. James Webb ta auna ta ciki a 2023, ta sami ɓarin rana a wajen digiri 230, abin da ya fi dacewa da dutse maras iska mai kauri. Sauran suna ba da wahala saboda tabon tauraron suna sauya launin haskensa fiye da yadda siririyar iska za ta yi.

TAMBAYA: Za a iya zuwa? Kuma wa ke raɗa musu waɗannan sunaye marasa daɗi?
Wani direba, Garwa

AMSA: Mafi kusa ita ce Proxima Centauri b, wadda aka gano a 2016, nisan shekarar haske 4.2, wato kilomita tiriliyan 40. Kumbon Voyager 1 da ya tashi a 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa. Da can ya nufa, sai ya yi wajen shekara 75,000.

Sunayen kuwa na rajista ne: sunan tauraro ko na aikin da ya gano shi, sai harafin b ga duniyar da aka fara ganowa, c ga ta biyu. A 2019 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba ƙasashe dama su raɗa suna. Najeriya ta kira tauraron HD 43197 Amadioha, duniyarsa Equiano. Ghana ta zaɓi Sika da Toge.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da kimiyyar lissafi a sakandare. Shin ni da ɗalibaina za mu iya auna gilmawa da kanmu, ko sai masu manyan na'urori?
Wani malamin makaranta, Kano

AMSA: Malam, za ku iya, in dai manyan duniyoyi masu zafi kuka nufa. Ku fara da HD 189733 b. Tauraronta yana da haske sosai a ƙaramar na'ura, ragin kusan kashi 2.4 cikin 100 ne, yana ɗaukar ƙasa kaɗan da sa'a biyu, yana dawowa duk kwana 2.2. A Kano yana bi ta kusan tsakar ka.

Kayan aiki: na'urar hangen nesa mai madubin santimita 15 zuwa 20, ko ma kyamara mai dogon gilashi na milimita 200 zuwa 300, mazauni mai mota wanda ke bin juyawar sama, shi ne ya fi komai muhimmanci, kyamarar da ke ajiye ɗanyen hoto wanda ba a matse ba, kwamfuta, batir na bolt 12. Kada a girke kusa da janareta, girgizarsa tana shiga hoto.

Ku nemi lokacin gilmawa a shafin ExoClock ko rumbun duniyoyi na NASA. Da agogon GMT ake rubutawa, Najeriya da Nijar suna gaba da sa'a ɗaya, kuma mantawa da wannan ya isa ya sa ku fara da wuri, ku naɗe kaya ba tare da sa'ar bayan gilmawa ba. Ku saita agogon kwamfuta da intanet a ranar. A fara sa'a ɗaya kafin gilmawa, a ƙare sa'a ɗaya bayanta, wato wajen sa'a huɗu, tauraron kuma kada ya sauka ƙasa da digiri 30 daga gefen sama. Ba tare da wannan gaba da baya ba, babu madaidaicin layin da za a gwada ragin da shi.

Abin da ke ba sababbi mamaki: da gangan ake ɗan ɓata saitin, tauraron ya bazu a kan ɗigo goma zuwa ashirin. Ɗigon kyamara ba ƙarfinsu ɗaya ba, in hasken ya taru a kan biyu ko uku, ƙaramin goci ya isa ya haifar da ragin ƙarya. Kowane hoto daƙiƙa 30 zuwa 60, kuma ɗigo mafi haske kada ya wuce kashi biyu cikin uku na iyakarsa, domin ɗigon da ya cika ba ya nuna ragi. Da zarar an fara, ba a taɓa saiti. Bayan an gama a rufe bakin na'ura a ɗauki baƙaƙen hotuna 20 zuwa 30 da tsawon lokaci iri ɗaya, sannan wasu 20 zuwa 30 na sararin sama da magariba ko asuba, don cire tabon ƙura da duhun gefe.

A manhajar AstroImageJ, wadda kyauta ce, za ku zaɓi tauraronku da wasu uku zuwa biyar a hoto ɗaya masu kusan haskensa da launinsa, a raba haskensa da jimillar nasu. Hazon da ya rage su duka tare zai fita a lissafi. In abokin gwaji ya fi shi shuɗi sosai, layin zai karkace yayin da suke gangarowa, domin iska ta fi cin shuɗin haske. In ɗigogin sun warwatse, a haɗa biyar-biyar a ɗauki matsakaici.

Matsalarku ta gaske yanayi ce. Wannan tauraro ya fi tsayawa da kyau a Yuli da Agusta, tsakiyar damina, kuma ko a lokacin gilmawa biyu ko uku ne a wata ke faɗowa daidai cikin dare. A Oktoba sama ta washe, amma tauraron yana gangarawa wajen ƙarfe 11, da ƙyar ku sami ɗaya, ga raɓa tana kwanciya a gilashi. Da rani ku koma WASP-43 b a Fabrairu da Maris: zagayenta sa'a 19 da rabi, ragin kusan kashi 2.5, sai dai tauraron ya dushe, yana buƙatar madubin santimita 20. Ƙurar hunturu mai laushi da ta bazu daidai ana iya jure ta, mai zuwa guntu-guntu kuwa a naɗe kaya. A rufe madubi da zarar an gama, kuma kada a goge ƙura da tsumma, a hure ta da famfon roba.

In kayan sun fi ƙarfin makaranta, shirin Exoplanet Watch na NASA yana ba da hotunan dare guda da wata ƙaramar na'ura mai sarrafa kanta ta ɗauka a Arizona, ku tace su da manhajarsu ta EXOTIC ku mayar da sakamako. A shafin Planet Hunters TESS kuma waya kaɗai ta isa: ana nuna layin hasken tauraro na kusan kwana 27, ɗalibi ya yi alama a inda ya ga ragi. Ku sa su yi ashirin-ashirin, sannan kowa ya ɗauki ragi ɗaya ya lissafa faɗin duniyar daga zurfinsa.